Yadda Ake Haɗa Amfilifaya Mai Kwalabe Saboda Kaset Ɗaya Tak

Ɗan'uwa, idan ka bi matakan nan tara bi da bi, ba ka tsallake ko ɗaya ba, ba ka kuma saurari kowa a gidanku ba, na yi maka alkawari cikin wata takwas za ka mallaki amfilifayar da babu irinta a layinku. Amfilifaya, ga wanda bai sani ba, akwati ne da ke karɓar ƙaramar murya ya ƙara mata ƙarfi kafin ta fita ta lasifika. Mai kwalabe kuwa ita ce irin ta da, wadda ke da wasu kwalaben gilashi a tsaye a kanta, suna ja kamar garwashi, suna zafin da ba a taɓa su. Duniya ta yi watsi da su tun kafin a yaye ka, shi ya sa mu masana muka koma musu. Ni da hannuna na haɗa tawa, ga tabo uku a yatsuna, saboda haka gyara zama.

Mataki na 1: Samo dalilin da ba a musu da shi

Kada ka kuskura ka ce wa mutanen gida sha'awa ce kawai. Babu matar da za ta ba sha'awa teburi. Dalili za ka nemo, wanda duk wanda ya ja da kai a kansa za a ce ba shi da imani.

Mafi inganci shi ne a ce mahaifiyarka tana da kaset guda ɗaya. Marigayi mahaifinka ne ya ɗauki muryarsa a ciki shekara talatin da suka wuce, lokacin da aiki ya kai shi nesa, ya aiko mata da shi a hannun wani direba a maimakon wasiƙa. Minti ashirin ne kacal. Kowace safiya Inna takan saka shi a tsohuwar rakodarta, ta turo ƙofa, ta ji abinta ita kaɗai. Ku 'ya'ya kuna jiyo amon muryar ta bango, amma babu wanda ya taɓa jin sa daga farko har ƙarshe.

Sai ka jira ranar da rakodar za ta tsaya. Za ta aika a kira ka, kai babban ɗa, kai da ka kwance rediyon gidan sau uku kana yaro har aka laƙaba maka Injiniya. Za ta ce: "Injiniya, duba min abin nan, ya daina juyawa."

Buɗe bayanta. Za ka ga wata 'yar siririyar roba ce ta tsinke, irin wadda mai gyaran rediyon bakin layi zai sauya kafin shayinsa ya huce. Kada ka faɗa. Mayar da murfin, girgiza kai, ka ce: "Inna, muryar Baba ta fi ƙarfin wannan akwatin robar. Ki ba ni sati biyu, zan haɗa miki abin da za ki ji shi kamar yana zaune a kujerar nan."

Zare kaset ɗin ka sa a aljihun gaba. Za ta bi aljihun da kallo har ka fice daga ɗakin. Kada wannan ya dame ka, alama ce ta ta yarda da kai.

Mataki na 2: Mamaye teburin cin abinci

Kayan haɗin za su iso a kwali: farantin ƙarfe mai ramuka, taransifoma mai nauyin ɗan yaye, kwalabe huɗu a naɗe cikin soso, da ƙananan abubuwa fiye da ɗari a cikin ledoji. Zazzage su a kan teburin cin abinci, domin nan ne haske ya fi kyau. Kwaso kofunan baƙi na matarka ka rarraba ƙananan a ciki.

Za ta fito daga kicin da faranti a hannu biyu, ta tsaya, ta ce: "Baban yara, yau kuma a ina za mu ci?"

Kada ka ɗago kai. Ka ce: "Sati biyu ne. Saboda Inna ne." Za ta juya da farantin ta koma kicin. Ka ga amfanin mataki na ɗaya.

A ƙasan kwalin akwai ɗan littafin bayani mai hotuna. An rubuta shi ne domin mutanen da ba a taɓa kira Injiniya ba. Sa shi a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Mataki na 3: Samo ubangida

Kowane mai haɗa amfilifaya yana bukatar wanda zai raina masa aiki. Nemi wani da ake kira Mai Kunne. Akwai shi a kowane gari: mutum ne da ya bar aiki da wuri, wanda ke rantsuwa yana iya bambance wayar jan ƙarfe da ta azurfa da ido a rufe. Za ka lura idan ka gaishe shi sai ya karkato kai ya ce, "Na'am? Me ka ce?" Kada ka kawo komai a ranka. Kunnensa ya wuce matakin jin mutane.

Mai Kunne zai tsoma yatsa a kofin baƙi, ya ɗauko wani ɗan abu mai kama da ƙwayar magani, ya ɗaga shi sama, ya yi tsaki.

"Da wannan za ka ji muryar mahaifinka?"

"Shi ya zo a kwalin, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa. Duk abin da ya zo a kwali na 'yan koyo ne. Wannan zai sa murya ta bushe. Akwai wasu da aka yi wa jirgin sama shekara sittin da suka wuce, su za ka nemo."

A nan wani marar ilimi zai ce a fara haɗa abin yadda ya zo, a ji ko yana aiki, sannan a yi gyare-gyare. Kada ka zama shi. Gwani yana sauya kaya tun kafin ya ji sautinsu, domin in ya ji suna da daɗi aikinsa ya ƙare ke nan. Zubar da rabin abin da ke kofunan, ka yi odar na jirgin sama. Za su ɗauki sati bakwai a hanya.

Mataki na 4: Narka dalma da hannu ɗaya a aljihu

Dalma ita ce ake narkawa da ƙarfe mai zafi a liƙa waya da waya. Ƙarfen yana da kai biyu, ɗaya na riƙewa, ɗaya na ƙonawa. Ba sai na gaya maka wanne ne wanne ba, zai gaya maka da kansa.

Akwai ƙa'idar masana da za ka kiyaye da gaske: cikin amfilifaya mai kwalabe akwai wutar da ke maƙalewa ko bayan an zare soket, saboda haka idan za ka taɓa ciki, hannu ɗaya ake sa wa, ɗayan yana aljihu, don kada wutar ta ratsa ta ƙirji. Ka bayyana wa matarka wannan da muryar malamin makaranta. Za ta dube ka daga sama har ƙasa, ta ce: "To alhamdu lillahi, ka samu aikin da ya dace da kai."

Rana ɗaya za ka manta da ƙa'idar. Za ka tsinci kanka zaune a ƙasa, bayanka a jikin firij, sukudireba a can bakin ƙofa, bakinka yana ɗanɗanon ƙarfe. Idan yara suka leƙo, ka ce ƙusa kake nema.

Mataki na 5: Koyi korar ƙanwarka

Kowa yana da ƙanwa irin wannan: ita ke zaune da Inna, ita ke kai ta asibiti, ba ta san komai game da sauti ba. Tun a sati na biyu za ta ɗauki rakodar ta kai wa mai gyaran rediyo, ya sauya robar tana tsaye. A wata na uku za ta shigo falonka ba ta ko zauna ba.

"Yaya, rakoda ta gyaru tuntuni. Kawo kaset ɗin."

"Saura kaɗan."

"Tun yaushe kake cewa saura kaɗan? Kullum da safe sai Inna ta zauna gaban rakodar nan babu komai a ciki. To ba ni shi na minti ashirin, in kunna in ɗauka a wayata, ko da wani abu zai faru."

Yanzu ne za ka nuna kai babba ne. Ajiye ƙarfen dalma a hankali. Ka ce mata waya tana yanka murya gunduwa-gunduwa, tana zubar da ruhinta, kuma muddin kana numfashi ba za a cusa Baba a cikin abin da ake buga wasan yara da shi ba. Ka ƙara da cewa kowane kunnawa a akwatin roba yana cin kaset. Za ta ce shekara talatin yana ci bai cinye ba. Ka ce mata ba a gaya wa yaya magana haka.

Inna ta fi wuyar sha'ani, domin ita ba za ta taɓa cewa ka dawo da shi ba. Za ta kira ka a waya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi matarka, sannan ta ce: "Yana nan dai lafiya ko?" Kamar mai tambayar wanda aka kwantar a asibiti. Ka ce yana nan lafiya, ka ce ana kiranka a ɗaya layin.

Mataki na 6: Yaƙi da ƙugi

A wata na huɗu za ka kunna. Tsaya nesa, danna makunnin da sandar tsintsiya. Kwalaben za su yi ja a hankali, ka ji ƙwalla tana neman zubo maka. Sai kuma lasifika ta ce: zuuuu.

Wannan shi ne ƙugi, babban abokin gabar masu kwalabe. Ba shi da ƙarfi sosai, daga kujera ma da ƙyar ake jin sa. Amma kai ba daga kujera za ka ji ba. Durƙusa za ka yi ka manna kunne a jikin lasifika, ka zauna a haka har gwiwarka ta yi sanyi.

Fara da zargin firij. Kashe shi yini guda. Idan matarka ta nuna maka abin da ya lalace a ciki, ka ce bincike ne. Sai fanka. Sai fitilar kicin. Sai cajar wayar maƙwabci, wanda za ka je ka ƙwanƙwasa wa ƙofa ka roƙe shi ya zare komai na minti biyar. Kafa doka a gidan: duk wanda zai wuce ta falo ya cire takalmi, duk mai tari ya fita waje. Mai Kunne zai zo ya ce bangon ɗakin ne bai dace ba, ku rataye barguna.

Wata rana za ka je sayen dalma wajen mai gyaran rediyo, bakinka ya kufce ka ba shi labari. Ba zai ko ɗago daga talabijin ɗin da yake kwancewa ba. Zai ce: "Baƙar wayar nan da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen, ka kankare fentin wajen kafin ka ɗaure?" Ka yi murmushin tausayi, ka ce masa wannan ba rediyon tasha ba ce. Ka bar wata guda ya wuce don kada a ce shi ya faɗa. Sannan ka kankare fentin.

Ƙugin zai ɗauke ɗif. Ka kira duk mutanen gida su zo su ji yadda ba a jin komai. Wata uku ka yi kana neman shirun nan, kuma naka ne.

Mataki na 7: Ƙawata ta, ka bar ta ta nuna

Yanzu amfilifaya tana aiki, kuma wannan haɗari ne, domin mutane za su fara cewa ka gama. Kada ka yarda. Sa kafinta ya yi mata gefuna na katako. Goge ƙarfen har ka ga haƙoranka. Taransifoma ta zo da wani baƙin murfin ƙarfe mai muni. Mai Kunne zai ce yana shaƙe sauti, kwance shi ka bar ta tsirara ta sha iska.

Daga nan sai babban sirrin masana. Sababbin kwalabe ɗanyu ne. Sai an bar su a kunne awa ɗari biyu kafin muryarsu ta nuna. Kunna da safe, kashe da yamma, ka riƙa jan layi a jikin kalanda.

Domin ka riƙa tuna dalilin wahalarka, ɗauko kaset ɗin Baba daga aljihun tebur ka kwantar da shi a kan taransifomar, tsakanin kwalabe biyu masu ja. Wurin kamar don shi aka yi. Ɗauki hoto ka aika wa ƙanwarka, ka rubuta: "Suna sabawa da juna."

Matarka za ta zo shara, ta kai hannu kusa, ta janye. Za ta ce: "Anya kaset ɗin nan ba ya jin zafi a wajen?" Ka ce mata ɗumi ne, ɗumi yana tausasa murya.

Daga baya za ka ji ana cewa maganaɗisu ne ke riƙe murya a jikin zaren kaset, kuma taransifoma marar murfi tana goge abin da ya daɗe kwance a kanta, har ma da irinta masu shagon kaset ke wanke tsofaffi su sake ɗauka. Duk mai gyaran rediyo ya san wannan. Amma daga baya ne za ka ji, saboda haka ba ya cikin wannan matakin.

Mataki na 8: Kira taro

Wata takwas cif. Sa rana, da hantsi, lokacin da wuta ta fi tsayawa. Jera kujeru. Gayyato Mai Kunne a matsayin shaida.

Inna za ta iso da zanenta na fita, ta shafa turaren da ba ta shafawa sai da dalili. Za ta zauna a kujerar tsakiya, ta gyara mayafi, ta ɗora hannuwa a cinya kamar wadda miji zai dawo daga tafiya.

Ɗauko kaset ɗin daga kan taransifoma. Za ka ji shi da ɗumi, gefe ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Juya amfilifayar ka duba gaba, ka duba baya, ka duba ƙasa. A nan ne za ka tuna abin da wata takwas ba su ba ka sukunin tunawa ba: amfilifaya ba ta da bakin saka kaset. Ƙara murya take yi, ba ta karantawa.

Ƙanwarka za ta bar ka ka gama dube-dubenka. Sannan ta buɗe jaka ta fito da akwatin robar nan, ta ajiye a kan teburinka, kusa da katakon kafinta. Da ta zage ka ma ya fi sauƙi. Jona rakodar da amfilifaya, ka yi kamar da ma haka tsarin yake.

Mataki na 9: Danna

Tura kaset ɗin, zai ɗan yi gardama, ka matsa. Danna. Zai juya.

Lasifika za ta ce shhhh, can ƙasa-ƙasa. Jira. Ƙara murya. Ƙara kuma. Juya ɗaya gefen, ka dawo da na farko, ka mayar da shi farko. Can cikin shhhh ɗin za ka ji wani abu kamar mutum yana magana a gida na uku, ya taso, ya nutse, bai sake tasowa ba.

Mai Kunne, wanda ya lumshe ido tun ɗazu, zai buga cinya ya ce: "Kun ji? Kun ji tsaftar nan? Ko ɗigon ƙugi babu!"

Ƙanwarka za ta toshe baki da mayafi. Matarka za ta kama hannun yara ta shige ciki. Kai kuwa za ka miƙa hannu ka kashe, kana shirin cewa rakodar ce, sai Inna ta ɗaga tafinta.

"Bar shi. Ba a katse shi yana magana."

Za ka janye hannu. Za ta kafa wa rakodar ido, ba ta ko kalli kwalabenka ba. Bayan ɗan lokaci ta ce: "Nan yake sallama." Shhhh. "Nan yake tari. Ya ce sanyin garin ne." Ta ɗan yi murmushi. "Nan yake tambayar ƙafata." A wani wuri za ta sunkuyar da kai, wannan ba ta faɗa muku ba. Sai ta juya wajen ƙanwarka: "Nan naki ne. Ya ce a daina aske miki kai, kina kuka."

Minti goma sha bakwai za ka yi a tsaye. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ka ba: "Nan naka ne, Injiniya."

Kada ka tambaya. Wannan ce shawara ɗaya tak ta gaskiya a duk rubutun nan, kuma na san ba za ka bi ta ba.

"Me ya ce, Inna?"

"Ya ce yaron nan yana da zuciya mai kyau, a riƙa yaba masa. Amma duk abin da nake so, kada in ba ka gyara." Za ta goge ido da gefen mayafi. "Kullum da safe sai ya faɗa min. Ni ce ban ji magana ba."

Rakodar za ta ce ƙwas, ta tsaya. Inna za ta tashi da kanta, ta zare kaset ɗin, ta ƙulle shi a bakin zane, ta rungumi akwatin robarta. A bakin ƙofa za ta juyo ta ce: "Sannu da aiki. Allah ya yi albarka." Da gaske take faɗa, kuma shi ne abin da ba zai bar ka ba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin ƙunar yatsa, ko abin da ya ruɓe a firij, ko kofunan baƙi da dalma ta ɗiga a ciki, ko ƙanwar da ta daina ɗaga waya. Ba shi da alhakin duk wata tsohuwa da aka ce har yau kowace safiya tana turo ƙofa, ta saka kaset ɗin da babu kowa a ciki, ta zauna minti ashirin. Wanda ya bi matakan nan shi ya so, kuma an cika masa alkawari: babu irin amfilifayarsa a layinsu.

Tawa tana nan a kan teburin cin abinci, an lulluɓe ta da tsohon zanen gado. Duk mai so ya zo da kwalinsa ya ɗauka. Lafiyarta ƙalau, sau ɗaya aka yi amfani da ita, kuma ba ta ƙugi ko kaɗan.